Ina ɗalibin aikin jarida zai samo kayan bincike kan Agye, Gazawa da Gidan Rumji?

Duk shekara, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, wato abin da ɗalibai ke kira memuwar, kuka ɗaya ake ji daga bakin ƴan jihar Maraɗi masu karatun aikin jarida da sadarwa: babu takardu. Yaro ɗan Cadawa ko yarinya ƴar Tsibiri za su zaɓi yin bincike kan gidan rediyon garinsu, malami ya ce a kawo jerin littattafan da aka karanta, a shiga intanet a buga sunan garin, a ga wayam. Bayan mako biyu sai a sauya batu, a koma rubutu kan matasan Yamai da Facebook, wanda mutum ɗari suka riga suka yi. Ɗalibi ya samu takardar shaidarsa, amma yankin da ya haife shi ya ci gaba da zama wurin da baƙi kaɗai ke rubutu a kansa.

Gaskiyar magana ita ce kayan bincike kan waɗannan gundumomi uku suna nan, sai dai a warwatse suke, kuma mafi darajarsu ba a ɗakin karatu yake ba. Ga inda ake samun su.

Fara da sunan garin

Kafin a zargi intanet, a duba yadda aka rubuta sunan. Turawan mulkin mallaka da ma'aikatan gwamnati da ƴan ƙungiyoyin agaji kowa ya rubuta sunayen garuruwanmu yadda kunnensa ya jiye masa. Gidan Rumji na fitowa a matsayin Guidan Roumdji, Guidan-Roumji ko Guidan Roumji. Cadawa na zuwa Tchadoua ko Tchadaoua. Cadakori wani ya rubuta Chadakori, wani Shadakori. Agye kuwa, wanda ya manta ɗigon da ke kan harafin ƙarshe na Aguié zai iya samun sakamako dabam da na wanda ya sa shi. Dole a gwada kowane ɗaya. A kuma yi hattara da takwarori: akwai wani Tibiri a jihar Doso, akwai wata Gangara a gundumar Tanut ta jihar Damagaram. Ɗalibi da yawa sun kwaso alƙaluman wani gari sun liƙa wa nasu ba su sani ba.

Abu na biyu shi ne tarihin iyakokin mulki. Gazawa ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai a 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63. Kafin nan tana cikin Agye, don haka duk rahoton da aka rubuta kafin wannan shekara, da ƙidayar jama'a ta 2001, in sun ce Agye to har da Gazawa da Gangara suke nufi. Wanda ya ɗauki yawan mutanen Agye na 2001 ya gwada da na 2012 ba tare da ya san wannan ba, zai rubuta cewa jama'a sun ragu. A tsofaffin takardu kuma Maraɗi ce ake kira département, Agye da Gidan Rumji kuwa arrondissement. In aka koma zamanin Turawa, labarin Agye da Gazawa yana ƙarƙashin sunan Tasawa, wato Tessaoua, na Gidan Rumji kuma yana ƙarƙashin Maraɗi da Gobir, wanda Faransawa ke rubutawa Gober.

Abin da aka riga aka rubuta

Littafin da ya kamata duk mai karatun jarida a Nijar ya fara riƙewa shi ne na Marie-Soleil Frère, malama ƴar ƙasar Beljiyam da ta rasu a 2021: Presse et démocratie en Afrique francophone, wanda Karthala ta buga a 2000. Ta bi jaridu masu zaman kansu na Nijar da Benin tun daga fitowarsu, lokacin da Ibrahim Cheick Diop ya kafa Haské a 1990, Maman Abou ya kafa Le Républicain a 1991, har zuwa babban taron ƙasa na waccan shekarar da abin da ya biyo baya. Littafin na Yamai ne, ba zai gaya maka komai kan Gazawa ba, amma zai koya maka yadda ake karanta jarida da idon mai bincike. Kan rediyo akwai L'Afrique parle, l'Afrique écoute na André-Jean Tudesq, 2002. Na kusa-kusa kuma akwai aikin Emma Heywood ta jami'ar Sheffield a Ingila kan shirye-shiryen mata na Studio Kalangou, kuma littafinta na 2024 kan rediyo da mata a yammacin Afirka ana sauke shi kyauta.

Wanda batunsa ya shafi wayar salula ya nemi binciken Jenny Aker da aka buga a 2010. Ta duba kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da layin salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan shigowar wayar. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa a Cadawa yana kiran abokinsa ya ji nawa tiyar gero take a wata kasuwa kafin ya ɗora buhu a mota ya san abin da take magana a kai. Kan fada, wato majalisar samari masu shan shayi da sauraron rediyo, akwai littafin Adeline Masquelier na 2019 mai suna Fada.

Sai dai akwai batu ɗaya da ya shafi yankinmu kai tsaye, kuma an yi rubutu a kansa sosai: yunwar 2005. A wannan shekarar hotunan yara masu tamowa daga cibiyoyin Likitoci Marasa Iyaka, MSF, na jihar Maraɗi suka zagaye duniya, musamman bayan rahotannin talabijin na BBC a watan Yuli, yayin da shugaba Mamadou Tandja ke cewa babu yunwa a ƙasar. Wa ya fara ba da labarin? Me ya sa gargaɗin da aka yi watanni kafin nan bai tada kowa ba sai da kyamara ta zo? Me jaridun gida suka ce? Mahaman Tidjani Alou ya rubuta maƙala kan yadda kafofin labarai suka kalli wannan matsala, a mujallar Afrique contemporaine lamba 225 ta 2008, kuma akwai littafin Niger 2005, une catastrophe si naturelle da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007. A ganina babu darasin aikin jarida da ya fi wannan kusa da ɗalibin Gidan Rumji ko Agye, domin iyayen yaran da aka ɗauki hotunansu suna nan da ransu, kuma tambayar su yadda su suka ga lamarin bincike ne sabo fil.

Kada kuma a raina littattafan da ba na sadarwa ba ne. Ba a fahimtar yadda labari ke yawo a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi in ba a san sarauta da kasuwa da aure ba. Guy Nicolas da Claude Raynaut sun shafe shekaru suna bincike a wannan yanki. Emmanuel Grégoire ya rubuta Les Alhazai de Maradi a 1986, Barbara Cooper ta rubuta Marriage in Maradi a 1997. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta yi nazarin masu iko a ƙauyuka gab da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kuma Cadakori na cikin wuraren da ta duba.

Abin da ake samu kyauta a intanet

Yawancin ɗalibai Google kaɗai suka sani, sai kuma wani shafi mai suna Mémoire Online. Game da wannan shafin gara a faɗi gaskiya: kowa na iya ɗora kundinsa a can, ba mai tacewa, akwai mai kyau akwai shara, kuma malamai sun san shi ciki da waje. Wanda ya kwafo daga can ya san cewa malaminsa ma ya karanta.

Wuraren da suka fi amfani ga mai jin Faransanci su ne Persée, inda tsofaffin lambobin mujallu irin su Cahiers d'études africaines da Journal des africanistes suke kyauta, OpenEdition, HAL, inda masu bincike ke ajiye maƙalunsu da kundayen digirin dokta, da Horizon, rumbun cibiyar IRD da a da ake kira ORSTOM, wanda ya ƙunshi ɗimbin tsofaffin rahotanni kan jihar Maraɗi. Cairn na neman kuɗi kan sababbin maƙalu, amma da yawa daga cikin waɗanda suka kwana biyu a buɗe suke. LASDEL na ɗora jerin rahotanninta masu suna Études et Travaux a shafinta, ba a biyan ko dala. Ga mai ɗan jin Ingilishi akwai AJOL, mai tara mujallun jami'o'in Afirka, a nan ne ake tarar da rubuce-rubucen malaman sadarwa na Najeriya. JSTOR kuma na barin wanda ya yi rajista da sunansa ya karanta maƙala har 100 a wata ba tare da ya biya ba. Akwai kuma tsarin Research4Life da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin namu dubban mujallu masu tsada. Makaranta ce ke yin rajista, saboda haka a tambayi mai kula da ɗakin karatu ko suna da lambar shiga.

Akwai wani rumbu da ɗaliban jarida ba su cika leƙawa ba domin suna ganin na malaman gona ne: shafin RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, da ɗakin karatunta na intanet mai suna Duddal. A nan akwai shirye-shiryen rediyo da saƙonnin murya cikin Hausa da aka shirya wa manoma da makiyaya. Ga mai son nazarin yadda ake fassara maganar masana zuwa harshen manomi, ga kaya nan a shirye. Haka ReliefWeb, mai tara rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, yana da tarin takardu kan ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji tun 2019, da matsugunan da aka yi musu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Dabarar aiki da ƙaramin forfe ita ce a sauke takarda sau ɗaya, a sa mata suna mai ma'ana, sunan marubuci da shekara, a ajiye a wuri biyu. Manhajar Zotero kyauta ce, tana riƙe sunan littafi da shafi, tana kuma jera su yadda malami ke so. Shafin da ya ɓace daga intanet, abin da ke yawan faruwa da shafukan jaridunmu, a neme shi a Wayback Machine kafin a fid da rai.

Yamai, da tsallaken iyaka

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, don haka ba tafiyar da ake yi da ka ba ce. A tafi da jerin abin da ake nema a rubuce.

Makarantar koyon aikin jarida ta ƙasa, wadda ta fara a 1977, aka daɗe ana kiranta IFTIC, yanzu kuma ESSCOM, tana da kundayen ɗaliban da suka gabata. Su ne abin fara dubawa, ko don a san abin da aka riga aka yi. Jami'ar Abdou Moumouni na da cibiyar IRSH, mai buga jerin Études nigériennes da mujallar Mu Ƙara Sani, kuma tana ajiye rubuce-rubucen Larabci da na ajami. CELHTO, cibiyar nazarin tarihin baka da aka kafa a 1968, tana da muryoyin da aka ɗauka daga bakin dattawa da makaɗa. A gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa akwai rahotannin rangadi na kumandojin Turawa, inda ake ganin yadda mulki ke aika umarni zuwa ƙauye ta hannun sarki da dogari, da yadda yake tsoron jita-jita. ONEP kuwa, mai buga Le Sahel da Sahel Dimanche, ita ce magajiyar jaridar gwamnati tun tana Le Temps du Niger, kafin a sauya mata suna a 1974.

Akwai abubuwa biyu na tarihinmu da ke jiran mai bincike. Na farko ƙungiyar Radio-Clubs du Niger da aka kafa a 1962, shekara huɗu bayan buɗe Radio Niger: ana tara mutanen gari su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a na'ura a mayar gidan rediyo a watsa. Abin da yau ake yi wa kirari da sabon salo, kakanninmu sun yi shi shekara sittin da suka wuce. Na biyu jaridun yaƙi da jahilci da aka riƙa bugawa cikin harsunan ƙasa, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi. Wanda ya tsinci ko kwafi ɗaya a akwatin wani tsohon malamin yaƙi da jahilci a Agye, ya ɗauki hotonsa shafi-shafi tun kafin gara ta riga shi.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da lafiya, amma kundayen ɗalibanta na fannin noma cike suke da bayanan ƙauyukan Agye da Gidan Rumji, haka ma cibiyar INRAN da ke Tarna.

Ga ɗan Gazawa, Katsina ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Jami'ar Bayero ta Kano na da tsangayar sadarwa sukutum, kuma an rubuta kundaye da yawa can, wasu ma cikin Hausa, kan rediyo da finafinai da waƙa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi suna a wannan fage. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, a Kaduna kuma akwai Arewa House da reshen gidan ajiye takardun tarihi na Najeriya. Littafin Brian Larkin, Signal and Noise na 2008, kan rediyo da silima a Kano yake. Wannan ɓangare ba ƙari ba ne: kunnen mutumin Gangara ya saba da Rediyon Kaduna, da sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na Jamus na 1963, da na Amurka na 1979, tun kafin RFI ta buɗe nata a 2007. Binciken masu sauraro da ya tsaya a kan iyaka rabin bincike ne. Sai dai a yi tambaya kan halin hanya da na iyaka kafin a kama tafiya.

Alƙaluma da dokoki

Alƙaluman jama'a na hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ne: ƙidayar 2012 da kundin RENALOC mai jera ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya da yawan mutanensu. Binciken lafiya da iyali na EDSN-MICS na 2012 ya tambayi maza da mata sau nawa suke sauraron rediyo, kallon talabijin ko karanta jarida, kuma an raba amsoshin jiha-jiha. Afrobarometer ma na yin tambaya kan inda mutane ke samun labari. ARCEP na fitar da rahoto kan layukan salula da intanet. Mafi yawan waɗannan alƙaluma a matakin jiha suke tsayawa. Ba daidai ba ne a ɗauki na jihar Maraɗi duka, har da birnin, a ce na Saye Sabuwa ne.

Dokoki kuwa a karanta su da kansu, kada a dogara da abin da wani ya ce sun ce. Dokar 2010-35 ta 4 ga Yuni 2010 ita ce ta tsara ƴancin aikin jarida, ta kuma cire ɗauri kan laifukan jarida. Dokar 2011-22 ta 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Ɗalibi na iya ambaton ta a wasiƙarsa zuwa ofishin magajin gari ko na perefe. Dokar 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet an sassauta ta a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi da watsa abin da ka iya tada hankalin jama'a ta intanet. Hukumar sadarwa ta CSC, wadda ke ba da izinin buɗe gidajen rediyo har zuwa juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ta bar rahotanni da shawarwari masu amfani ga mai tarihin kafofin labarai. Duk kundin da aka rubuta kafin 2023 kan dokokin jarida, a ɗauke shi a matsayin tarihi, a sake duba abin da ke aiki yau.

Abin da ba ya cikin kowane littafi

Yanzu mun zo kan abin da ɗalibin yankin nan ya fi farfesan Paris da na Yamai samu. Rediyon karkara na farko a Nijar an buɗe shi a Bankilare a 1999, daga nan suka bazu cikin ƙasa, har da gundumominmu. Kowane irin wannan gida, komai ƙanƙantarsa, yana tara takardu ba tare da ya ɗauke su a bakin komai ba.

Akwai jadawalin shirye-shirye da ke liƙe a bango. Akwai littafin sanarwa, inda ake rubuta wanda ya kawo cigiyar saniya ko ta yaro, sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, suna, taron jam'iyya, da kuɗin da ya biya. Akwai rasiɗai, da kwangilolin da aka sa hannu da ƙungiyoyin da ke sayen lokaci don shirin rigakafi ko na tazarar haihuwa ko na hana auren wuri. Akwai katunan gaisuwa, da sunayen ƙungiyoyin masu sauraro, da takardun taron kwamitin da ke kula da gidan. Wanda ya zauna da littafin sanarwa na shekara ɗaya ya ƙirga, zai san daga waɗanne ƙauyuka ake zuwa, mata nawa ne cikin masu kawo sanarwa, a wane wata cigiyar dabbobi ke yawa, kuma kashi nawa na kuɗin gidan ke fitowa daga aljihun talakawa, nawa daga ƙungiyoyi. Tambayar ƙarshen nan ita ce uwa: gidan rediyon da rabin cinikinsa daga mai ba da tallafi yake, muryar wa yake ɗauka? Wannan babi ne guda na kundi, kuma ba wanda zai ce an kwafo shi.

Abin baƙin cikin shi ne muryoyin kansu ba sa daɗewa. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, in ta cika sai a goge na bara a ɗora na bana. In zafi ko ƙura ko tsawa ta kashe ta, shekaru sun tafi ke nan. Tsofaffin kaset suna cikin kwali a bayan ƙofa. Saboda haka ɗalibin da ya je ya tafi da kile ko katin ajiya, ya nemi izinin shugaban gidan a rubuce, ya kwafi shirye-shiryen da yake so, ya rubuta ranar da aka watsa kowane da sunan shirin. Shirin da ba a san ranarsa ba ya rasa rabin amfaninsa. In kuwa abin da ake so ba a ajiye shi ba, sai a zauna da rediyo da salula a ɗauka da kai, mako biyu ko wata guda, a lokaci ɗaya kowace rana. A birnin Maraɗi ma haka za a yi da tashar jiha ta Muryar Sahel da gidaje masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia.

Bayan rediyo sai mutane. Kafin lasifika akwai mai shela, akwai sanƙira, akwai maroƙa da makaɗan fada, kuma har yau a Tsibiri, fadar Sarkin Gobir, tambari na da abin da yake faɗa. M. G. Smith ya rubuta maƙala kan roƙo a ƙasar Hausa tun 1957, ana iya farawa da ita, amma dattijon da ya gaji shela daga ubansa ya fi ta sanin yadda aikin ya sauya da zuwan rediyo. Ranar kasuwa, tashar mota, bakin rijiya, masallacin Juma'a, mai cajin salula da ke tura wa mutane wa'azi da waƙa da fim a katin ajiya, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, duk hanyoyin labari ne. Ga kuma misalin da duniya ta san mu da shi: sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake tofo a gona, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi tun 1983, ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa, aikin PPILDA na asusun FIDA ya tallafa. Masana itatuwa sun yi rubutu a kai har sun gaji. Ta wace hanya dabarar ta bi daga gona zuwa gona, wa manomi ya yarda da maganarsa, malamin gona ko maƙwabci ko rediyo, wannan tambayar mai karatun sadarwa ce.

WhatsApp ya ƙara wani rumbu, domin saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi lakwal ba. A Gidan Sori ko Tsibiri labarin harin ƴan bindiga kan iso ta saƙon murya tun kafin kowane gidan rediyo ya buɗe baki, na gaskiya da na ƙarya tare. Batu ne mai kyau, amma mai haɗari. Ba a shiga rukunin mutane a kwashi maganarsu a ɓoye. A sanar da mai kula da rukunin, a cire sunaye da lambobi kafin a ajiye. Kada kuma a tura wa kowa saƙon da ake nazari, ko da malami ne, ta hanyar da za ta mai da ɗalibi ɗaya daga cikin masu yaɗa shi, ganin yadda dokar 2024 take.

Shiga gari da ɗaukar magana

A nemi takardar izinin bincike daga makaranta, a kai ta ofishin perefe da na magajin gari, sannan a gaida sarki ko mai gari kafin a fara tambayar kowa. A ƙauyukan da ke kusa da iyaka, baƙon da ke yawo da na'urar ɗaukar magana ba tare da an san da zuwansa ba yana jawo wa kansa da mai masaukinsa zargi. A gaya wa kowane mutum abin da za a yi da maganarsa, a tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa. Hira da matan aure ta fi sauƙi ga ɗaliba, ko a tafi da wata mace da gidan ya sani. Littafin Jean-Pierre Olivier de Sardan, La rigueur du qualitatif na 2008, ya yi bayanin wannan aiki dalla-dalla, kuma misalansa da yawa na Nijar ne.

Manhajojin da ke rubuta amsa da kansu, irin su ChatGPT, sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, musamman kan wuraren da ba a yi rubutu da yawa a kansu ba, irin namu. Duk littafin da ba ka gan shi da idonka ba, ko a takarda ko a allo, kada ya shiga jerinka.

Saura maganar harshe. Tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma har yanzu da Faransanci ake rubuta kundaye. Hirar da aka yi da Hausa a fara rubuta ta da Hausa, kalma da kalma, yadda mai maganar ya faɗe ta, da Gobirancinsa ko Katsinancinsa, kada a gyara masa zuwa Hausar Kano. Daga baya a fassara, a ajiye biyun gefe da gefe a ƙarshen kundin, kowace hira da lambarta da ranarta da sunan ƙauyen. Hirar awa ɗaya takan ci awa biyar ko shida wajen rubutawa, don haka mai hira ashirin ya ware mata makonni uku cikin lissafinsa. In an kammala, a buga kwafi ɗaya fiye da abin da makaranta ta nema, a haɗa da kile mai ɗauke da shirye-shiryen da aka kwafa, a mayar wa gidan rediyon da aka yi aikin a cikinsa.